Ranar da Na Miƙa Aska

Ni wanzami ne, gadon gidanmu ne a Zurmi. Aski, ƙaho, cire beli, duk na iya tun ban yi gemu ba. Amma abin da ya sa aka san ni har Shinkafi wani garin saiwoyi ne da nake haɗa wa magidanta, a sha a kunu ko a barbaɗa a nama. Duk Alhamis nakan shimfiɗa buhuna a kasuwa, maza su zo suna waige-waige kamar ɓarayin kaza, su saya su cusa a aljihu.

Da na haura hamsin ciwon ƙeya ya matsa mini. Na je asibiti a Kaura Namoda, wani ma'aikaci Kirista ɗan kudancin Kaduna ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya ce hawan jini ne, ya ba ni ƙwaya in riƙa sha kullum da safe. Ciwon kai ya tafi. Bayan 'yan watanni sai na daina iya kusantar iyalina. In za a bi gaskiya, abin ya fara ja da baya tun kafin ƙwayar, amma ita na ɗora wa laifi. Garin nan nawa kuwa na sha shi har ya gundure ni, ko gezau.

Akwai wani dillalin shanu a Moriki, ya girme ni da shekara goma cur, haƙoransa na gaba ma sun zube. Shi bai iya sayen magani a ɓoye ba. Tun daga nesa zai ɗaga murya: "Wanzam, aradu maganin ga naka ba shi da na biyu! Ƙaro man na sati biyu." In yi dariyar yaƙe in ƙulla masa, zuciyata kuwa kamar ta fashe. Hassada nake yi masa, ba wani suna da zan ba abin. Har tafiyarsa nake bi da harara. Ina ce wa raina, wannan tsoho da ko rake ba ya iya sha, da saiwar da na haƙo da hannuna yake gyara gidansa, ni kuwa na koma juya wa matata baya ina minsharin ƙarya.

Ranar da ya gaya mini matarsa na da ciki, ranar na daina shan ƙwayar. Na sa ƙanena, wanda muke sana'ar tare, ya kafa mini ƙaho huɗu a ƙeya. A wautata, tunda an ce jini ne ya hau, ai sai a rage shi. Ban koma Kaura ba. Ni da nake sa dattawa su faɗa mini sirrinsu, na kasa buɗe baki in faɗa wa ma'aikacin nan, sa'an ɗan cikina, nawa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wata biyar na yi haka. Abin da na bar ƙwayar dominsa bai dawo ba, ciwon kai ne ya dawo.

Aka haihu, namiji, dillalin ya rantse ba mai yi wa ɗansa askin suna sai ni. Muka isa Moriki da hantsi ni da ƙanena. An yanka rago, an raba goro, shi kuma sai nuna ni yake wa mutane yana ƙyafta ido: "Ku gaisa da wanga, da hannunai cikin aikin ga!" Kowa na dariya. Wata tsohuwa ta zauna da jaririn a cinya, na jiƙa masa kai da ruwan ɗumi, na wasa aska. Yaro jawur, gashi kwance luf. Na dube shi na ji da ma nawa ne.

Na aske gefe ɗaya lafiya. Da na zo daidai maɗiga, inda fata ke bugawa a hankali, sai na ga kan ya zama biyu. Yatsuna suka yi nauyi, na ji askar tana neman zamewa. Allah Ya taimake ni na ɗaga hannu sama. Na ce wa ƙanena, "Amshi, ida mashi." Maganar ma a karkace ta fito. Ya dubi bakina, ya karɓi askar, ya ce a nemo mota.

Kwana shida na yi a gadon asibiti a Kaura. Da ma'aikacin nan ya tambayi dalilin barin magani, na kawar da kai na faɗa masa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Haba Baba. Shi kansa hawan jinin yana kawo wannan, yana lalata hanyoyin jini. In ma ƙwayar ce, ai iri-iri ce, da ka zo da likita ya canza maka."

An canza ɗin. Bakina ya miƙe, ƙafa ta taka, ɗaya al'amarin ma ya ɗan farfaɗo, wani lokaci a dace, wani lokaci a yi hira a yi barci. Hannun dama ne bai dawo daidai ba. Yana riƙe cokali, ba ya riƙe aska.

Ashe matata tana bakin ƙofa lokacin da nake wa ma'aikacin bayani. Ba ta tayar da zancen ba sai da muka koma gida, tana shafa mini man zafi a hannun. Ta ce, "Malam, ashe abin da ad damuwarka ke nan? Ni duk zatona wani laihi na yi maka, kullum ina bincike ban gano ba. Da ka tambaye ni, da na ce ka sha maganinka."

 Ta ci gaba da murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana tambayata ko ina jin wannan, ko ina jin wancan.