Abokin Sajan Bawa na Filin Jirgi

A gidanmu na Bukkuyum tatsuniya aikin Kaka Ige ne, mahaifiyar babana. Lokacin sanyi, da an ci tuwo an wanke kwanuka, sai ta tara karan dawa kusa da rumbu ta hura wuta, mu jikoki mu kewaye ta har da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta iya zama hannu sake. Tana ba da labari tana ɓarar gyaɗa, kuma idan Gizo ya shiga uku sai ta dakata, ta busa ɓawon da ke tafinta a hankali, ta bar mu muna mutsu-mutsu.

Mijinta, kakanmu, wanda duk gari ke kira Sajan Bawa, ba ya shiga cikinmu. Buzunsa yana bakin zaure ta ciki, da rediyonsa manne a kunnen dama, don na hagu ya daɗe da mutuwa. Mun san tsohon sojan sama ne, mun san ya yi yaƙin basasa, iyakar saninmu ke nan. Idan muka tambaye shi ko ya taɓa tuƙa jirgi sai ya ce, "Ni ƙasa nike, jirgi na bisa," ya koma ga rediyonsa.

Ina aji huɗu a firamare rikicin addini ya ɓarke a Kaduna. Babana tela ne, can shagonsa yake, mu da Innarmu muna gida sai ya zo mana ganin gida. Waya ba ta iso garinmu ba a lokacin. Abin da rediyo ya faɗa shi muke da shi, sai kuma abin da direbobin Gusau suka kawo, kowane da nasa. Wannan ya ce an ƙone unguwar da babana yake ƙurmus, wancan ya ce ƙarya ne, soja sun tare hanya. Innarmu ta daina cin abinci. Kullum Kaka Sajan sai ya taka zuwa tasha da sandarsa, ya tsaya har motar ƙarshe ta sauke mutane, ya dawo ya koma kan buzunsa.

Kaka Ige kuwa babana ɗanta ne na fari, don haka ko sunansa ba ta kamawa, balle ta nuna damuwa a gaban mutane. Idan mata suka shigo jaje sai ta ce, "Ai yaron Allah na tare da shi," ta kawo zancen tsadar wake. Amma ni da nake kwana ɗakinta na ga ta share tsakar gida ta sake sharewa, na ga ta zuba gishiri a miya sau biyu.

Wuta dai ba ta fasa hurawa ba. Ran nan muka zauna kamar kullum, ta soma labarin Gizo ya tafi kogi kamun kifi. Ba a jima ba sai ga Gizo a gonar sarki yana satar dankali, ba ta gaya mana yadda ya fito daga ruwa ba. Ƙanena Mudi ya ce, "Kaka, ai yana cikin kogi." Ta dube shi kamar yanzu ta fara ganinsa. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗar.

"Ku bar Gizo shi huta," in ji ta. "Yau labarin mutum za ni ba ku. Wani yaro anka yi, ɗan manoma, yaƙ ƙi noma, yat tahi Kaduna yas shiga soja. Anka ba shi aikin wankin jirgin sama."

"Ba wanki ba," in ji wata murya daga bakin zaure. "Gyara."

Duk muka waiwaya. Kaka Sajan ya kashe rediyo. Ashe kunnen nan guda yana jin abin da ya ga dama.

"To Malam, tunda ka hi ni sani, zo ka hwaɗa musu," in ji Kaka Ige, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ba ta ko dube shi ba.

Ya ajiye rediyon a gefe. Sai ya ja buzunsa ya matso bakin wuta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce lokacin da ya shiga, sojan sama kansa jariri ne. Jamusawa ke koya musu aiki, jiragen kuma ƙanana ne masu farfela, na koyon tuƙi. Shi bai yi boko mai zurfi ba, littafin injin ba ya karantuwa gare shi. Sai aka haɗa shi da wani yaro Ibo mai suna Obi, wanda aka haifa a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ta Bazazzagi. Obi ya koya masa ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya saurari abin da ke ciwo a ciki. Ɗaki ɗaya suke kwana a bariki. Da azumi Obi ne ke tashinsa sahur, don shi barcinsa nauyi gare shi.

Sai ƙasa ta rikice. Aka shiga kashe mutanen gabas a garuruwan arewa, abin ya shigo har bariki. Kaka ya ce da ya ga yadda idon mutane ya sauya, waɗanda jiya suke cin abinci kwano ɗaya da Obi, sai ya cire babbar rigarsa da hularsa ya sa masa, suka taka zuwa tashar jirgin ƙasa suna hira da ƙarfi kan farashin shanu, don duk mai ji ya ɗauka 'yan gari ne. A tasha mutane sun yi cincirindo, mata da yara da ƙunshin kaya, wasu da jini a jiki. Ya tura Obi cikin jirgin ta taga. Obi ya leƙo ya gaya masa sunan garinsu da sunan mahaifinsa, ya ce gidan yana bayan makarantar mishan.

"Nic ce mishi in ƙura ta lahwa shi dawo," in ji Kaka. "Yay yi dariya. Yac ce, Bawa, kai dai ka riƙa tashi sahur."

Da yaƙi ya soma, jirage suka zo daga Rasha a cikin manyan akwatunan katako, aka harhaɗa su a Kano. Masu ƙarar da ke fasa kunne, babu farfela, wuta ke fita ta bayansu. Matuƙan farko baƙi ne, Misirawa, kuma sukan tashi can ƙololuwa su saki kayansu su juyo. Akwai ma jiragen fasinja da aka cire wa kujeru, ana mirgina bam ta ƙofa da hannu. Aikin Kaka ya duba injin, ya zuba mai, a ɗaura bam, ya ɗaga wa matuƙi babban yatsa. Jirgi ya tafi da nauyi ya dawo sakayau.

Mudi ya tambaya, "Ina bam ɗin yake faɗawa?"

"Ba a gaya muna," in ji Kaka. "Su ma masu sakin nai, da yawa ba su sani ba."

Daga baya aka mayar da su wani filin jirgi a kudu, inda daji ya kewaye su da itatuwan kwakwar manja, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Wata safiya yana ƙarƙashin fiffiken jirgi yana ɗaure noti, sai ya ji wata ƙara siririya, kamar ta babur. Kafin ya gane, ƙananan jiragen abokan gaba sun fito daga bayan kwakwa, ƙasa-ƙasa har yana ganin kan matuƙi. Ba su fi na koyon tuƙin da ya fara aiki a kansu ba, an shafe su da launin ganye, an ɗaura musu rokoki. Suka buɗe wa manyan jiragen da ke ajiye wuta. Wanda yake gyarawa ya kama, iskar fashewar ta jefa shi cikin kwalbati. A nan kunnensa ya tafi. Yaron da ke miƙo masa sifana, ɗan Gummi, bai tashi ba.

Kaka ya tura wani kara cikin wutar, ya sake jawo shi.

"Ina kwance cikin laka, jini na hita kunnena, mi kuke zato nike tunani? Ba mutuwa ba. Injin ɗin nan nike tunani. Kahin kunnen shi tahi na ji shi sarai. Tsohon inji ne, amma ba ya tari, ba ya shaƙewa. Wanda yag gyara shi da kunne yag gyara shi. Mutanen da sunka iya haka can wajensu ba su da yawa."

"Obi ne?" na tambaya.

"Ban sani ba, Hadiza. Kuma bam ɗin da nike ɗaurewa kullum, ban sani ba ko ɗaya ya sauka bayan makarantar mishan."

Kaka Ige ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito ba ta ɗauko komai ba, ta sake zama. Ba a rufe labarin da kan kusu ba kamar yadda ta saba rufe nata, aka dai tashe mu muka je muka kwanta.

Ranar kasuwa babana ya dawo a bayan motar hatsi, ba jaka, ba takalmi, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Ya ƙone garin ƙoƙarin fitar da keken ɗinkinsa daga shago, keken kuma bai fito ba. Innarmu ta durƙushe a tsakar gida tana kuka. Kaka Ige ta dube shi sau ɗaya daga ƙofar madafa, ta ce, "Kun iso," ta juya ta ɗora ruwan zafi. Murfin tukunyar ya kuɓuce mata ya faɗi.

Kafin la'asar zaurenmu ya cika da samari, kowa yana so ya ji da kunnensa. Ina laɓe a bayan asabari. Babana ya ce ya san wanda ya watsa wa shagonsa fetur, shi da kansa ya ɗinka wa 'ya'yan mutumin kayan Kirsimeti. Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce akwai irinsu a Gummi da Anka suna sayar da magani, suna cin arziki hankali kwance. Babana ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce bai gama ba. Ya ce a hanyarsa ta fita gari ya bi ta unguwar da namu suka fi yawa, ya ga abin da su ma suka yi wa wata mata da goyonta a bakin famfo. Daga nan muryarsa ta tsaya.

Kaka Sajan ya miƙe a kan sandarsa. Bai yi wa'azi ba. Ya ce, "Yaro ya gaji. Ku tai ku yi salla." Ya tsaya a ƙofa yana kallon kowannensu a ido, yana kiran sunan ubansa, har suka fice ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zauna kusa da babana, ya jawo kwanon tuwo ya ajiye a tsakaninsu. Bai tambaye shi komai ba, ranar ko bayanta.

Babana bai sake komawa Kaduna ba. Hannun ya warke da tabo, ya koma ɗinki a rumfar kasuwarmu. Shekaru da yawa ko ƙaurin shara da aka ƙone ya ji sai ya tashi ya bar wurin. Kaka Sajan kuwa bai sake matsowa bakin wuta ba, Gizo ya dawo bakin aikinsa.

Sai bayan rasuwar Kaka Sajan, ina 'yar budurwa, na tambayi Kaka Ige ko ya taɓa neman abokin nan nasa. Muna tsince wake a inuwar rumbu.

Ta ce ya nema. Bayan yaƙi, da ya sami hutu, ya sa farin kaya ya shiga mota har garin. Ya sami makarantar mishan ba rufi. A bayanta ya sami gidan, rabi a tsaye rabi a zube. Wata dattijuwa ta fito, ƙasusuwan wuyanta duk a waje, da ganin kamanninta ya san uwar Obi ce. Ya ambaci sunan Obi, ya nuna ƙirjinsa ya ce Bawa, Kaduna. Matar ta daɗe tana kallonsa. Sai ta faɗi wata magana da yarensu, gajeriya, ta shiga ciki ta kawo masa ruwa a gwangwani. Ya sha, ta karɓi gwangwaninta, ta koma ta rufe ƙofa.

"Me ta ce?"

"Shi ma bai ji ba. Amma ya riƙe kalmomin. Wani lokaci ina jin shi shina maimaita su in ya gama salla."

"Kaka, ai akwai Ibo a Gummi. Ko mai kemis ya tambaya da ya fassara masa."

"Na gaya mishi haka, ba sau ɗai ba. Ya sha zuwa har ƙohwar shagon, sai shi sayi maganin ciwon kai shi dawo."

Na roƙe ta ta faɗa mini kalmomin. Ta gwada, harshenta ya ƙi, ta ce sun bi shi kabari.

Da ina yarinya na ɗauka tsoro ne ya hana shi tambaya, har na ɗan ji haushinsa. Yanzu da na girma na yi nawa 'ya'yan, kuma jiragen yaƙi suka zama abin da ke ratsa samaniyarmu suna nufar daji, na daina yanke masa hukunci. In matar cewa ta yi Obi ya mutu, sai ya tambayi kansa wane jirgi ne. In cewa ta yi yana raye, sai ya tambayi kansa wa ya kashe yaron Gummi. Muddin bai tambaya ba, abin da ya tabbata a hannunsa shi ne uwar abokinsa ta san daga inda ya fito, kuma ta ba shi ruwa ya sha.