Duwatsu Uku a Mararraba

Shekara ashirin da shida shagonsa na kallon nawa, titi ɗaya ne tsakaninmu. Shi gyaran agogo yake yi, ni ɗinkin takalma. Agogo kowa a layinmu yake ce masa, kuma sunan ya bi jikinsa, don in ka ji ƙarar ɗaga ƙofar shagonsa ba sai ka duba ba, bakwai da rabi ta yi. Dogo ne siriri, mai tsafta har ta yi yawa. Yana da wani ɗan madubi da yake maƙalawa a idon dama in zai yi aiki, har idon ya saba da tsukewa. Ko hira kuke yi sai ka ga kamar yana neman abin da ya lalace a cikinka. Ni kuwa Kunkuru ya raɗa mini, saboda gajarta da tumbi da tafiyata wadda ba ta san sauri ba. Ban taɓa jin haushin sunan ba, tunda daga bakinsa ya fito.

Shi ya koya mini hawan tsauni. Shekarar da matarsa ta rasu zaman gida ya gagare shi, sai ya tsiri fita bayan gari duk ranar hutu, ya yi ta hawa har sai ƙafa ta ce ta gaji. Tausayi ne ya sa na bi shi ranar farko. Na dawo da rarrafe, na rantse ba zan ƙara ba, mako na zagayowa kuma na riga shi shiryawa.

Tun a lokacin muka yi wata yarjejeniya. Shi mai ƙafa ne, jira yana ƙona masa rai. Ni kuma in aka tsaya a kaina ana duba agogo sai numfashina ya ƙara sarƙewa. Saboda haka kowa ya yi tafiyarsa. Amma duk inda hanya ta rabu biyu, zai jera duwatsu uku a ƙasa, babba, matsakaici, ƙarami, ƙaramin yana fuskantar inda ya bi. Ni nawa in duba ƙasa in bi. Ban taɓa riƙe taswira ba, ban ma iya karanta ta ba. Uwar yarana ta sha ce mini, "Kai dai in mutumin nan ya jera maka duwatsu zuwa bakin rijiya, faɗawa za ka yi." Nakan yi dariya in ce mata Agogo ba ya kuskure.

A bangon shagonsa, can bayan agogunan da masu su suka manta da su, akwai wata doguwar taswira da ya ja wa layi da jan biro. Hanya ce ta kwana talatin da biyu a ƙafa, a kan doron tsaunuka, tana ƙarewa a wani ƙoli da aka ce daga can ana hango teku. Shekara goma sha ɗaya muna zancenta da shayi a hannu. Da lokaci ya yi, ni na ɗinka mana takalman tafiyar. Nasa na ba su kwana tara, na ninka tafin ƙafar hagu ta gefen waje, don na san nan yake cinyewa.

Ba zan yi ƙarya ba, kwana ashirin da biyun farko ban taɓa jin daɗin duniya irinsu ba. Da asuba mu tashi, tanti ya jiƙe da raɓa, yatsu sun ƙage. Shi zai dafa shayi, minti uku cif yana kallon agogo, ni ina naɗe kayan kwana. Mun raba kaya: tanti da taswira a jakarsa, ɗan murhun gas da tukunya da abinci a tawa, tare da basilla da zare da gam. Mutumin da ya datse mariƙin buroshin haƙorinsa don rage nauyi, shi ne kuma ya ɗauko agogon tebur mai ƙararrawa. Na tsokane shi a kan wannan har ya daina amsawa.

Abinci kullum ɗaya ne, taliya ko shinkafa da kifin gwangwani, sai gyaɗa a aljihu. Safa mu wanke a rafi mu rataye a bayan jaka, rana ta busar da ita muna tafiya. Ƙafata ta yi bororo, ta fashe, ta sake yi. Duk kwana huɗu ko biyar mukan sauka wani ƙauye mu sayi abinci, ko mu kwana a bukkokin da aka gina wa matafiya. A can nakan baje kayan aikina in ɗinke takalman mutane, su kuma su ba mu sukari ko zuma.

A kwana na tara na ga gajimare a ƙarƙashin ƙafata, na zauna ina ta kallo. A na sha huɗu muka yi wanka a wani tafki mai sanyin da ya sa Agogo, duk kamun kansa, ya fito yana tsalle yana zagin ruwa. Wata rana ƙanƙara ta rutsa da mu, muka lafe a ƙarƙashin wani dutse muna dariya kamar yara. Kuma a duk mararraba, duwatsuna uku na nan suna jirana. In na gan su sai in ji kamar ya dafa kafaɗata.

A kwana na sha tara gwiwata ta dama ta kumbura. Na ɗaure ta da rawani na ci gaba, amma tafiyar yini ɗaya ta koma ta yini da rabi. Da muka isa bukkar da muka kwana ranar ashirin da biyu, mai kula da ita ya ce nan da kwana tara ake sa ran dusar ƙanƙara, in ta sauka kuwa mashigar ƙarshe da ke tsakanin tsaunuka ta rufe sai baɗi. Da irin tafiyata, kwana goma sha biyu ne tsakaninmu da mashigar. A bukkar akwai wasu matafiya uku masu ƙafar barewa. Na ga Agogo ya zauna da su kan taswira tun la'asar, ya shiga ɗakin mai bukka ya daɗe, ya fito.

Da muka zauna cin abinci na ce masa, "Mutumina, in ina ja maka baya ka faɗa mini. Ba zan ji haushi ba."

Ya kalle ni da tsukakken idon nan ya ce, "Haba Kunkuru. Tare muka faro, tare za mu ƙarasa."

Da safe ya ce in kawo murhun da tukunyar ya rage mini nauyi. Na miƙa masa. Har ƙwalla ta cika mini ido, na bi bayansa da kallo ina sa masa albarka.

Wajen hantsi na iso mararraba. Duwatsu uku, ƙaramin yana nuna hagu, hanyar gangara. Na ɗan yi mamaki, amma hanyar tsauni takan sauka don ta sake hawa, sai na bi. Bayan kamar awa ɗaya na iso wata mararrabar, ga su nan kuma an jera su tsaf. Hankalina ya kwanta. Na yi ta gangarawa, itatuwa suka fara yawa, iska ta yi ɗumi, ina ta zuba ido in hango jar hularsa. Da yamma sai ga kwalta, ga ƙauye, ga wani masauki a bakin hanya.

Matar da ke riƙe da masaukin ta fito tana goge hannu. "Kai ne Kunkuru?" ta ce. "Sannu da hanya. Tun jiya da la'asar aka bugo waya daga bukkar sama, aka ce in ajiye maka gado. Motar birni da safe take tashi."

Tun jiya da la'asar. Wato kafin ya dube ni ya ce tare za mu ƙarasa. Na zauna a kan dakali da jakar a bayana, na kasa sauke ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mararraba ta biyu. Don ya jera waɗancan duwatsun sai da ya gangaro tafiyar awa guda, ya sake hawa. Mutumin da ba ya ba kowa minti ɗaya ya kashe awa biyu don ya tabbata ban juyo ba. Komawa sama kuwa babu hali, don tanti da taswira da murhu duk suna bayansa.

Na dawo gida. Uwar yara ta dube ni ta dubi jakar, ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta ɗora ruwan zafi. Wannan shirun nata ya fi mini faɗa ciwo.

Bayan kwana goma sha biyu na ji ƙarar ƙofa, bakwai da rabi. Ya tsallako titi, ya yi baƙi ya rame, da hoton ƙolin nan a hannu da takalman da na ɗinka masa. Ya ajiye murhuna da tukunyata a kan benci, an wanke su fes.

"Gwiwarka na duba," ya ce. "Da ka hau mashigar nan da ita, da sai an sauko da kai a kan makara."

"Da baki ba za ka iya faɗa ba?"

"Da na faɗa, ba za ka yarda ba."

"Gaskiya ne," na ce, "ba zan yarda ba. Da na yi fushi, da na zage ka, da na sauko ina sane da inda za ni. Amma ka sa na yini ina gangarawa ina yi maka addu'a."

Ya miƙo mini hoton, na ce ya riƙe abinsa. Takalman na karɓa, don aikina ne, na sake musu tafi na aika masa.

Likita ya ce gwiwar da gaske ta lalace, sai da na yi wata uku da sanda. Mutanen layi suna cewa gata ya yi mini, wataƙila ma haka ne. Har yau babu mai gyaran agogo kamarsa a garin, kuma ban taɓa hana kowa zuwa wurinsa ba. Hoton yana rataye inda taswirar take a da. Ina jin sa yana ce wa masu kawo gyara, "Ni da abokina muka faro."

Ranar hutun farko bayan na ajiye sanda, na zo ɗaukar wani abu a shago sai na tarar da duwatsu uku a bakin ƙofa, ƙaramin yana fuskantar hanyar bayan gari. Yana tsaye a ƙofarsa da jaka a baya, bai duba agogo ba. Na daɗe ina kallon su. Sannan na sunkuya na kwashe, na shiga da su ciki. Babban nakan danne tafin takalmi da shi in na sa gam.

Har yanzu ina hawan tsauni, ni kaɗai, a hankali. Na sayi taswira na koyi karanta ta da ƙyar. Duk mararrabar da na iso na ga wani ya jera duwatsu, sai in tsaya in buɗe takarda.