Tukunyar da Mama Ta Wanke

Tun muna yara Yaya ba ta shiri da wanke-wanke. In aka ba ta tukunya, sai ta zauna tana kankarar ƙanzo da farce tana shinshinawa, har ruwan ya huce. Mama ta yi faɗa har ta gaji.

Ashe sana'a take koyo. Yau Yaya malama ce a jami'a, a sashen masu tono kayan mutanen dā. A cikinsu wani ya kama tsofaffin maƙeru, wani ƙasusuwa, ita kuwa ƙanzo ta riƙe. Daga baƙin da ya manne a tsohuwar tukunya take gano abin da aka dafa tun kafin kakannin kakanninmu. Mama dai in an tambaye ta aikin 'yarta, cewa take, "Tana koyarwa," ta sauya zance. Abin yana yi wa Yaya ciwo, ko da yake ba ta faɗa.

Bayan shekaru tana tsintar ɓaraguzai, bara ta tono tukunya sukutum, cikinta baƙi ƙirin. Da ita za ta kammala binciken da zai kai ta kujerar farfesa. Tukunyar tana kan teburin Yaya, ana jiran a kai ta ɗakin gwaji, ranar da na biya da Mama ofishinta. Yaya tana aji, sai Mama ta ce in je in kira ta.

Da muka dawo, ga Mama a bakin famfon da ke lungun ofishin, ta naɗe hannun riga. Ga tukunya an kife ta, fes.

"Manyan mutane na shigowa nan, ki bar musu ƙazanta a tebur?" in ji Mama. "Ko soso babu. Da farce na yi ta fama."

Yaya ta leƙa magudanar famfon, idonta ya kawo ruwa. Wallahi na tausaya mata. Can sai ta dubi hannun Mama.

"Da sabulu kika wanke?"

"Ina na ga sabulu a wannan ofishin naki?"

"Alhamdu lillahi! Mama, zauna. Kada ki taɓa komai."

Ta ɗauko tsinke da 'yar kwalba, ta durƙusa, ta shiga zaƙulo baƙin da ke ƙarƙashin farcen Mama tana karkaɗewa a ciki.

Mama ta zuba mata ido. "Wai wannan ɗan dattin ne aikin naki?"

"Shi ne, Mama. Girkin wata mata ne. Ta sauke, ba ta samu ta wanke tukunyar ba."

Mama ta dubi tukunyar. "Allah sarki. Ko me ya tashe ta? Me ta dafa?"

"Abin da nake nema ke nan."

Sai Mama ta miƙa mata ɗaya hannun. "To bi a hankali. Na babban yatsa ya fi yawa."