Turaren Wuta a Ɗakin Bincike

Ni haifaffiyar unguwar Ruwais ce, kuma a gidanmu ɗakin da ba a turara ba bai cika ɗaki ba. Da wannan tarbiyyar na samu aikin wanke kwalabe a wani ɗakin bincike a nan Jidda, a ƙarƙashin wani tsohon farfesa ɗan Sikotland, masanin ƙwayoyin halitta. Ƙuruciyarsa duk ta ƙare a jami'o'in ƙasarsu yana bin diddigin abin da ido ba ya gani, sannan ya zo nan yana aiki a kan ciwon sikila.

Wurin kuwa wari yake, kamar an manta da romo a tukunya. A mako na biyu haƙurina ya ƙare. Na zo da kasko da garwashi na turara ko'ina, har akwatin ɗumin da yake renon ƙwayoyinsa na buɗe na ba shi hayaƙi, yadda muke yi wa durowar kaya. Ina ta jin kaina, ashe gyaran gangar Auzinawa na yi. Kwana biyu ƙwayoyin suka mutu, renon wata huɗu.

Tsoro ya kama ni. Kamfanin da ke da ɗakin binciken ne kafilina, shi ya tsaya mini a wurin hukuma. In suka kore ni iƙamata, takardar izinin zamana, ta faɗi, sai jirgi zuwa ƙasar kakannina, wadda ban taɓa takawa ba.

Manaja ya kira ni a gaban Farfesa ya ce, “Halas, tattara kayanki. Yalla!”

Farfesa ya tambaye shi, “Wa ya taɓa nuna mata abin da ke cikin akwatin nan?” Manaja ya ce babu kowa.

“To laifina ne,” in ji tsohon. “Rubuta sunana, ba nata ba.”

Ranar ya zaunar da ni a gaban madubin bincike, na ga ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Ya ce mahaifinsa masunci ne, shi ma da wankin kwalabe ya fara. Shekara shida yana koya mini, da gurgun Larabcinsa da faɗansa na tsufa, har renon ƙwayoyin ya dawo hannuna.

Da zai koma gida na ba shi kwalbar turaren wuta. Ya shinshina, ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa kuka nake sosai.

Ban sake ganinsa ba. Amma duk shekara in na karɓo sabuwar iƙama, kafin in sa ta a jaka, shi nake fara tunawa.