Ranar da Baba Ya Tsallake Yaya

Jiya na ratsa ta rumfunan dukawa a kasuwar Gadarif a nan Sudan, sai warin kitsen da aka goga wa fata ya bugi hancina. Cak na tsaya, har wani mai amalanke ya yi mini tsawa. Da irin kitsen nan muke goge ƙwallonmu muna yara, don baƙar ƙasar nan tamu in ta bushe ta tsattsage cin fata take yi. Na dawo gida jikina a mace, kuma ba tafiyar ce ta gajiyar da ni ba.

Babanmu tela ne, amma a unguwa ba wanda ke ce masa tela. Mudarrib ake ce masa, wato mai horar da 'yan ƙwallo. Shi ya ɗinka wa ƙungiyar unguwarmu riguna da kekensa, Inna ke wanke su ta shanya a kan danga. Mutum ne mai kaifin ido da ƙarancin magana. In kuwa kan Yaya aka zo, 'yar maganar ma ɗaukewa take yi.

Yaya ne ɗan fari. Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani: kakanninmu sun taho da kunyar ɗan fari tun daga yamma, sun bar abubuwa da yawa a hanyar Makka amma ita ba su bari ba. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, ba ya kallon idonsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. In yana da magana sai ya ce, "A gaya wa wancan." Baffa, ƙanin Baba, shi ne mai kai saƙon. To ku duba wannan aiki, Yaya ne mai cin ƙwallon ƙungiyar, mai lamba tara, ga shi mai horar da shi ba ya iya yi masa magana. Ko a fili sai Baba ya raɗa wa Baffa, Baffa ya ƙwala.

A kakar da nake da shekara goma sha biyar, wasa ɗaya ya rage mu haye rukuni na sama. Da 'yan Simsim za mu kara, ma'aikatan gona ne, ƙarti masu ƙirji. Su canjaras ya ishe su, mu kuwa sai mun ci. Mun san halinsu. A karon farko mutum tara suka jera a bakin raga, Yaya ya yi ta dukan su da ƙirji daga farko har ƙarshe, ya fito yana ɗingishi bai samu ko kafa ɗaya ba.

Lokacin yankan riɗi ne, Yaya yana gonakin Gadambaliya yana aiki, saboda haka ba ya nan ranar da Baba ya tara mu bayan la'asar. Ya ɗauko faifan Inna, ya jera ƙwayar dawa a matsayin 'yan Simsim, gyaɗa a matsayinmu. Ya ce wannan karon ba wanda zai kai musu ƙirji. Sirara masu gudu zai sa a gefe da gefe, mu yi ta juya ƙwallo daga dama zuwa hagu, su yi ta bin ta a rana har ƙafafunsu su yi nauyi. Ya ce mu tuna yadda ake jingina damin riɗi a bar shi ya bushe ya buɗe baki da kansa, sannan a kaɗe. Ya ɗora gyaɗa ɗaya a gefen hagu ya ce ni ce. Na ga wata gyaɗar ta rage a tafin hannunsa bai ajiye ba, ban kawo komai a raina ba. Murna ta cika ni.

Abin da ban sani ba shi ne, wannan gyaɗar Yaya ce, kuma duk shirin a kansa aka gina shi. Baba ya so ya ɓoye shi har sai saura minti ashirin, ya sako shi da sabon ƙarfi a kan mutanen da suka galabaita. Baffa kaɗai ya faɗa wa. Ranar wasa da sassafe aka aiko an yi rasuwa a gidan surukan Baffa, ya tafi bai ga Yaya ba.

Yaya ya sauko daga lori da hantsi, hannuwansa duk sun faffashe da lauje. Ya bar riɗi a tsaye ya taho, kuma kowa ya san riɗi ba ya jiran mutum. A tsakar gida ake raba riguna, daga babba zuwa ƙarami, jama'a na leƙe ta kan danga. Baba ya zo gaban Yaya, ya kau da kai kamar yadda ya saba, ya wuce. Ya miƙa lamba tara ga wani siririn yaro ɗan makwabta, ya miƙo mini tawa. Aka bar Yaya tsaye babu riga a gaban kowa.

Da za mu fita Baba ya riƙo hannuna ya ce a hankali, "Ka ce wa wancan ya zauna kusa, kada ya yi nisa."

Ni kuma da wauta da ɗokin sabuwar riga, na je na ce, "Yaya, Baba ya ce ka zauna."

Ya dube ni, ya dubi rigar jikina. "Kwayyis, ya yi kyau," ya ce. "Zama na baro gona in zo in yi ke nan."

Shirin Baba ya yi aiki, shi ne abin takaicin. Muka yi ta juya su. Kafin a tafi hutu sun fara dafa gwiwa, bayan an dawo mai tsaron bayansu na tsakiya sai haki yake yi yana roƙon ruwa. Kafa ta buɗe a tsakiya wadda ko jaki zai wuce. Na hango Baba ya zaro wata riga daga cikin jallabiyarsa, ya juya wajen benci. Ya tsaya. Ya dubi dama ya dubi hagu.

"Ina wancan?" Ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba.

Wani dattijo ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ai tun hutu ya hau lorin Gadambaliya."

Sau uku na ɗaga ƙwallo daidai inda kan Yaya ya saba samun ta. Sau uku siririn yaron nan ya yi tsalle bai kai ba. Aka tashi babu ci, 'yan Simsim suka haye. Baba ya naɗe rigar ya mayar cikin jallabiya, muka tako gida.

Yaya bai sake taka fili ba. Ya zauna can wajen gonaki, ya yi aure, ya hayayyafa. Da salla yakan zo ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa yana kallon allurar kekensa. Baba ya ƙara shekara biyu yana horarwa ya bari, ya ce idonsa ne. Haka suka yi ta yi har Allah ya karɓi ran Baba, kowannensu yana ganin ladabi yake yi.

Yanzu abin ya canza. Masu horarwa na rungume 'ya'yansu a gaban jama'a, ni ma ina kiran ɗan farina da sunansa, 'yan tsofaffin da suka rage a unguwa suna cewa ba ni da ta ido. Ba na musu da su, na gaji. Akwai kyau a cikin waccan kunyar, na sani, amma na ga abin da ta ci a gidanmu.

Sallar bara na je gaida Yaya. Ya tsufa, gwiwa ta hana shi tashi. Muna shan jabana, gahawarmu ta nan, a inuwa na tattaro ƙarfin hali na ba shi labarin gyaɗar nan da rigar da ke cikin jallabiya, na ce laifina ne, ni na gutsure saƙon. Ya saurare ni har na gama.

"Halas, ya wuce, bar wahalar da kanka," ya ce. "Baffa ya same ni a gona bayan kwana uku ya faɗa mini duka."

Na ce, "To me ya hana ka dawowa?"

Ya ajiye finjalinsa.

"Jira nake yi shi Baba ya faɗa mini."