Malam Ja'afaru, Mai Koya wa Makafi Waya

Da an idar da sallar asuba a masallacin layinsu da ke Unguwar Dosa, Malam Ja'afaru ba ya komawa barci. Yakan jingine sandarsa a ƙofar zaure, ya zauna bisa tabarma, ya kara waya kusa da kunne. Mai wucewa zai ga fuskar wayar baƙa ƙirin, don shi hasken ba ya yi masa amfanin komai, amma yatsunsa na ta kai da komo a kanta, wata murya kuma na zuba magana da saurin da mu masu ido ba ma tsintar ko kalma guda. Kafin hantsi zauren ya cika da sanduna. Wasu daga Rigasa, wasu daga Kawo, kowa da wayarsa a hannu, an zo ɗaukar karatu.

Da can ma'aikacin gwamnati ne, mai buga takardu da kwamfuta a wata ma'aikata, har hawan jinin ido ya tafi da ganinsa. A daidai lokacin ne wayoyi masu madannai suka fara ja da baya, na shafawa suka cika kasuwa. Duniya na murnar ci gaba, makafi kuwa an miƙa musu gilashi sumul, babu tudu babu kwari da yatsa zai laluba. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ce ranar da 'yarsu ta kunna masa muryar da ke karanta abin da ke kan waya, ko abinci sai da aka yi ta fama da shi kafin ya ci. "Watanni ya yi yana kiran mutanen da bai yi niyya ba," in ji ta tana dariya. "Surukinsa har ya gaji da cewa Malam lafiya dai." Da hannunsa ya faɗa, bai tsaya a kansa ba. Ya aika a gaya wa duk makahon da ke so ya zo.

Akwai wadda ba ta zo ba, shi ya je. Malama Hasiya ta Rigachikun mahaddaciya ce, ta daɗe tana karantar da matan aure a gidanta, sai ciwon suga ya rufe mata ido. Ta sallami ɗalibanta, ta shige ɗaki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne duk saƙon da aka turo mata sai wani ya karanta mata, har matan da suka saba kawo mata sirrin gidajensu suka daina. Ƙaninta Kabir ne ya kai wa Malam labari, washegari kuwa Malam ya hau mota a Kawo da sandarsa.

Kabir yana wurin, shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Ta ce, "Malam, ka wahalar da kanka. Abin nan Turanci yake yi, ni kuwa ban je boko ba."

Ya ce, "Malama, Larabci harshen gidanku ne?"

Ta ce, "A'a."

"To kin ɗauke izu sittin da shi. Kalmomin da za ki riƙe a nan ba su kai shafi ɗaya ba. Miƙo yatsanki, ki shafa zuwa dama, ki gaya mini abin da kika ji."

Ba a rana ɗaya aka yi ba. Akwai ranar da ta goge lambobin mutanenta gaba ɗaya, ta tura wayar ƙarƙashin gado ta ce kada a sake kawo mata zancen. Malam ya zo, aka ce ba za ta fito ba. Ya zauna a zaure har la'asar, ya tafi, ya sake dawowa. Da damina ta kankama, Kabir ya ce masa ya bari sai ruwa ya ɗauke. Malam ya ce, "In na bari, za ta ɗauka na yarda da ita ne cewa ba za ta iya ba."

Wata Alhamis sai ga saƙon murya ya shigo wayoyin tsofaffin ɗalibanta, ba ta hannun kowa ba. Muryarta ce: "Ni ce Hasiya. Da hannuna na turo. Kowacce ta karanto mini inda muka tsaya." Yau matan Katabu da na Zariya na turo mata karatu, tana saurara tana gyara musu, masu zuwa gida kuma sun fi na da yawa.

Malam Ja'afaru, kai ne ka mayar wa mutane sirrinsu. Kai ne ka sa magidanci ya karanta saƙon likitansa shi kaɗai, ba tare da maƙwabci ya ji ba. Gwani mai gani da yatsa, ba ka taɓa karɓe wayar ɗalibi ka yi masa abin da zai iya koya ba, ko da kuwa za a yini a kai.

A majalisar ƙofar gidansa samari kan yi ta musu: wace waya ta fi kyamara, wace ƙasa ta fi iya ƙira, yaushe za a fara haɗa namu a nan gida. Yakan saurara da sha'awa, don yana bin labaran nan fiye da yawancinsu. Nasa fatan dai guda ne. Yakan ce, "Duk wanda zai kafa mana masana'anta, ya zo ya yini a zauren nan tukuna. Ya ƙera wadda za ta yi wa tsohuwa magana da Hausa mai daɗi."

Bana kunnensa ya fara nauyi, likita kuma ya ce ya rage sauraron waya. Ga mutumin da kunne ne hanyarsa ta ƙarshe zuwa rubutu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bai ɓoye ba. Ya tara ɗalibai ya damƙa ajin maza ga Isma'ila na Rigasa, na mata kuma ga Malama Hasiya. Da ta fara kuka, ya ce, "Ɗan ɗaga murya, Malama, ina so in ji ki kina cewa kin karɓa." Ta ɗaga, ta ce ta karɓa.

Mun gode, Malam. Allah ya kiyaye maka abin da ya rage na jinka, ya sanya wannan aiki a mizani. Mu kuma da ke da makaho a gida, mu daina saurin cewa kawo in duba maka. Mu zauna kusa da shi, mu kunna masa muryar, mu janye hannunmu.