Kuɓewar Inna a Hannun Yaya

Ranar wata Asabar ce cikin watan Disamba, shekarar da na cika takwas. Ruwa ya ɗauke kenan na fito barandar benenmu na unguwar Pantai Dalam a birnin Kuala Lumpur, na tarar da tsohuwar maƙwabciyarmu a durƙushe gaban bokitan Umma da 'yar wuƙa a hannu, tana tsinke kuɓewa. Umma na asibiti ta haifi ƙanena, Abba na wurinta, ni kuma an bar ni a hannun tsohuwar.

'Yar ƙasar Girka ce, ta biyo ɗanta da ke koyarwa a jami'ar da Abba yake karatu. Da na fara jin sunan ƙasar na ɗauka can ake zuwa koyon girki, kuma ban ga abin da ya ƙaryata ni ba, don tun safe ƙamshin tafarnuwa da lemon tsami ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofarta. Ranar farko ta dafa ƙirji ta ce mu riƙa kiranta Yaya. A harshensu kaka kenan. Umma ta yi dariya ta ce, "Shi kenan, Allah ya ba ni yaya a ƙasar mutane." Kullum cikin baƙin kaya take tun rasuwar mijinta, idanunta kuwa shuɗaye, har nakan ƙura musu ido ina hango tekun da take nuna mana a hoto, da fararen gidaje, da wani saurayi a kwale-kwale yana ɗago mata hannu. Turancinta kaɗan ne, sai suka haɗu da Umma a kalmomin kasuwa na yaren ƙasar, makan, wato ci, da boleh, wato za a iya, saura kuma da hannu. A kicin ɗinta na koyi naɗe shinkafa cikin ganyen inabi kamar ana naɗe jariri, na ɗanɗani farin cuku mai gishiri da take ce wa feta, da kindirmo mai kauri da zuma a kai. Tana da wani gwangwanin man zaitun na itatuwan mijinta, tana ɗiga shi kamar turare, ba mai taɓa mata shi.

Bokitan nan kuwa a kansu zuciyar Umma take. Tun da ta tabbatar ba za ta je wankan gida ba sai ta rage magana, ta rage ci. Kuɓewar kasuwar Brickfields ta ce tsayi ne kawai, ba yauƙi. Irin da mahaifiyarta Inna ta ƙulle mata a leda daga Kura shi ta shuka a bokitan fenti, ni nake ba su ruwa kafin motar makaranta ta zo. Takan ce, "Ranar da na dawo daga asibiti miyar kuɓewar garinmu zan sha, da kanwa da daddawa, yauƙi na bin loma."

Shi ya sa gabana ya faɗi da na ga Yaya ba ta yanka kuɓewar ba. Kan kowace ɗaya ta fere kamar 'yar hula, ta jera a faranti, ta barbaɗa gishiri, ta yayyafa ruwan khal mai tsami ta shanya a rana. Da na taɓa ɗaya na ji santsin ya tafi. Na haɗa yatsu ina ja, ina nuna mata yauƙi, ina cewa shi Umma take jira. Sai ta ɗaga haɓa sama ta yi ɗan tsaki. A wurinsu a'a kenan kawai, amma ni ban sani ba. Na shige bayan ƙofa na yi kukana, ina tunanin fuskar Umma.

Da la'asar suka dawo. Umma ta tsaya gaban bokitan da jariri a kafaɗa, ta daɗe tana kallon ganye zalla, sannan ta shige ɗaki. Can sai ga Yaya da kaskon ƙasa a lulluɓe da tawul. Kuɓewa ce a kwance gaba-ɗayanta cikin jan tumatir da albasa, mai kore-kore na ƙyalli a kanta, ga feta da burodi a gefe. Bamiyes, in ji ta. Umma ta ɗaga cokali, ba abin da ya biyo shi. Abba ya sunkuyar da kai. Sai Yaya ta zaro gwangwanin man zaitun ɗin nan daga aljihun rigarta ta kife shi, ko ɗigo bai faɗo ba, ta nuna jaririn, ta ce, "Makan."

Umma ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta ƙara, sannan ta ce, "Yaya, kin kashe mata yauƙi, amma wallahi ƙasar Kura na nan a ciki." Ta cinye, ta suɗe kaskon da burodi, hawaye na sauka. Sai washegari muka ga manyan kuɓewa da Yaya ta bari can ƙarƙashin ganye, ta ɗaure su da jan zare don iri.

Da aka sake tsinka Umma ta kaɗa miyarta da maburgi ta kai mata. Yaya ta ɗaga cokali, yauƙi ya biyo ta har haɓa, ta zaro ido ta yi tsakin nan nata. Umma ta mayar mata da namu mai tsawo, suka yi ta dariya har jaririn ya farka. Shekara na zagayowa ta koma ƙasarta da irin Inna ƙulle a hankici, ba mu sake jin labarinta ba.

Yanzu na dawo Kuala Lumpur nawa karatun, ina zaune a hawa na sama na wani bene a Bukit Jalil inda ban san sunan maƙwabcina ba. Da waya nake kiran abinci, har bamiyes na taɓa saya, ya zo a roba ba ƙamshin kowa a jikinsa. In ruwa ya ɗauke nakan tsaya a taga in raya a zuciyata cewa a wani tsibiri mai fararen gidaje akwai gajeriyar kuɓewar Kura tana fure, tana kallon teku. Ko wa yake ba ta ruwa yanzu?